Langa a Cikin Sabon Ruwa

Ba sha'awar rubutu ce ta sa na ɗauki biro ba. Ni tela ne, almakashi na sani da zare. Abin da ya tayar da ni magana ce da na ji a bakin 'yata Rabi ranar Babbar Sallar bara. Muna tsakar gida a Yelwa ana aikin nama, na ce a ware cinya guda a soya a kai wa Nomau a Wara kamar yadda aka saba. Sai na ji ta ce wa ƙanwarta, ƙasa-ƙasa wai don kada in ji, ita ta rasa abin da Baba ya gani a jikin tsohon nan da ya kusa halaka shi yana yaro. To kunnena bai mutu ba tukuna. Na yi shiru don ranar Sallah ce, amma wallahi naman nan bai shiga cikina da daɗi ba. Na san inda ta samo maganar. A bakin Gwaggonku Hajo ta ji, Allah ya jiƙanta, ita kuma Hajo a bakin Innarmu. Su biyun ba ƙarya suka shirya ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Mai ƙaryar ni ne, ubanku, kuma ba da baki na yi ta ba, da shiru na yi ta. Sunan mutumin nan ya ɓaci a gidana sama da shekara hamsin, ba na so in mutu in bar shi a haka.

Ba a Yelwa aka haife ni ba. A wata tunga, wani ɗan ƙauye, aka haife ni a bakin kogin Kwara, can wajen Ngaski, wadda yau in kuna son ganinta sai dai a tsaya da jirgi a tsakiyar ruwa a nuna muku da yatsa. A gabashin tungar akwai fili mai rairayi, laushi kamar an tankaɗe shi, kuma a nan muka yi ƙuruciyarmu kaf. Itatuwa biyu ne a filin. Akwai tsamiya babba a ƙarshensa, sai wata kanya a gefe, kusa da rijiyar da mata ke ɗiban ruwan sha in kogi ya yi laka. An kewaye bakin rijiyar da gumaguman itace don kada yaro ko akuya su faɗa. Da an yi la'asar, an dawo da awaki, kowa ya sulale daga aiken gida, sai fili. 'Yan mata su ja gefe su yi gaɗa da carafke, mu maza mu yi kokawa, mu yi ɓuya, mu haƙa ramukan dara a ƙasa, mu sassaƙa jiragen kara mu kai bakin kogi mu ga na wa zai fara kifewa. Ba wanda ke tambayar ɗan wane ne kai. Da ɗan liman, da ɗan Kambarin da ubansa ke zuwa coci, da wanda ke da tukunyar gargajiya a bayan ɗakinsu, duk ƙasa ɗaya muke ci, gyaɗa ɗaya muke gasawa a toka mu ƙone yatsu. Na gode wa Allah da ya ba ni wannan ƙuruciya. 'Ya'yanku da ke zaune a ɗaki suna danna waya har wuyansu ya ƙage, tausayi suke ba ni.

Amma sarkin wasanni langa ce. Tunda na san jikokina ba su taɓa ganinta ba, bari in faɗa. A raba yara gida biyu. Kowa ya lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe babban yatsanta da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar. A yi ta bangazar juna da kafaɗa da hannun da ya rage. Wanda ya faɗi, ko ya saki ƙafarsa ko da na ƙiftawar ido ne, ya mutu, sai ya fita ya zauna. Kowane gida da wanda suke karewa har ya kai wurin da aka sa alama, shi ake kira masha, kuma mashanmu a kullum gindin tsamiyar nan ne. Ni ake karewa a gidanmu. Ba yabon kai ba, ban fi shekara goma sha ɗaya ba amma ba a taɓa sa ni na saki ƙafa ba. An kayar da ni, ƙwarai, sau da yawa ma, amma ko a ƙasa za ka same ni da yatsana a hannu. Har suna aka yi mini da shi, ni kuwa kaina ya yi girma, na ɗauka duk duniya ba abin kunya kamar a ce Ummaru ya saki ƙafa.

Sai shekarar da aka gina madatsar ruwa aka tare kogi. An daɗe ana cewa ruwa zai tashi ya ci garuruwa, tsofaffi suna cewa zancen banza ne, Kwara ba ta taɓa wuce inda ta saba ba. Ranar da aka zo aka sare itatuwan filinmu, har da tsamiya da kanya, ranar ce kowa ya gane ba wasa ake ba. Aka kwashe mu zuwa tudu, tafiyar da ba ta da nisa sosai, aka zuba mu a gidajen siminti jeri-jeri masu zafi da rana. Mutane suka kwashe duk abin da ke ɗaukuwa daga tsohuwar tunga, azara, ƙyaure, duwatsun niƙa, har gumaguman bakin rijiya ba a bari ba. Manya suna kukan gonaki da kaburburan iyaye, mu yara kukan fili muke. Sabon garin tsakuwa ce zalla, ba inuwa, in ka yi tsalle uku da ƙafa ɗaya sai tafinka ya fashe. Babanmu, wanda shi ma tela ne, ya tara mu ni da Yaya Hajo ya ce kada ya ji an ce ɗayanmu ya taka tsohuwar tunga, ruwa yana tafe kullum, ba wanda ya san inda ya kai.

A sabon garin ne muka samu maƙwabta daga gungu, wato tsibirin da ke tsakiyar kogi, wanda shi ruwa ya fara haɗiyewa. Gidan da ke manne da namu aka ba Baba Bawa, Bagunge ne, manomin albasa kuma mai jirgi, da matarsa da ɗansa Nomau, tsarana. Baba ya karɓe su hannu biyu. Ya ɗinka wa Baba Bawa riga, shi kuma ya riƙa aiko mana da kifi. Inna kuwa hankalinta bai kwanta ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ta binne 'ya'ya maza biyu kafin ni, shi ya sa ta bar mini tukku a tsakiyar kai, ta hana ni koyon iyo duk da a bakin kogi muke. A wurinta yaran gungu 'ya'yan ruwa ne, duk wanda ya bi su ruwa zai bi. Ni kuwa Nomau ya shiga raina tun ranar farko. Hausarsa a lokacin guntu-guntu ce, langa kuwa bai iya ta ko kaɗan ba. Yaron da zai tsaya a bakin jirgi ana igiyar ruwa bai ko girgiza ba, in ya riƙe ƙafa a tudu sai ya kife kamar buhu. Mu yi ta dariya, shi ma ya tashi yana dariya ya sake riƙewa. Ni na sa shi a gidanmu na langa, don ba wanda ke son ɗaukarsa.

Wajen ƙarshen damina, Bala, shugaban ɗaya gidan, ya fara cika baki wai ƙwarewata ta tsohon fili ce, a tsakuwa ni ba kowa ba ne. Raina ya ɓaci. Ni, da bakina, na ce to mu koma tsohon filin yau bayan la'asar a gani. Ku riƙe wannan da kyau, ni na faɗa. Yara suka yi na'am, mu wajen goma. Nomau kaɗai ya ce a'a. Ya ce ruwa ya riga ya shiga can, kuma a wurinsu doka ce, ba a sa ƙafa a sabon ruwa sai an auna shi da gora, don ruwan da bai shekara a wuri ba ba a san abin da ya rufe ba. Muka yi masa ihu, muka ce ɗan ruwa yana tsoron ruwa. Da ya ga ba za mu fasa ba, sai ya zagaya bayan gidansu ya ɗauko gorar ubansa, doguwar nan da ake tura jirgi da ita, ya saɓa a kafaɗa ya biyo mu a baya tana jan ƙasa.

Da muka isa, ga abin da muka tarar. Gidajenmu sun zube, ruwa ja mai laka ya shimfiɗe filin duka, iyakarsa idon sawu, a wani wurin ƙauri. Ba abin da ya fito sama sai kututture guda ɗaya. Na nuna shi na ce ga tsamiya can, ga mashanmu. Nomau ya ce in dakata ya bi ta wurin da gora tukuna. Abin da na mayar masa har yau in na tuna sai na ji kunya.

"A nan aka binne cibiyata. Kai da ka zo jiya za ka nuna mini filinmu?"

Ya tsaya a gefe da gorarsa. Ashe kututturen nan ba na tsamiya ba ne. Masu sara sun yanke tsamiya ƙasa-ƙasa, ruwa ya rufe ta. Wanda ya fito na kanya ne, kuma a gindin kanya rijiya take, ba gumagumai, ba alama, bakinta daidai da ƙasa. Mu duka goma a filin nan aka haife mu, ba wanda ya lura, don kowa ya amince ya san wurin kamar tsakar ɗakin uwarsa.

Aka fara wasa. Kai, ranar an yi langa! Ruwa yana fantsama, yara suna faɗuwa suna tashi jiƙe sharkaf, ana ta shewa. 'Yan gidanmu suka buɗe mini hanya, na kauce wa Bala, na ga ba kowa tsakanina da kututture. Na yi tsalle, na sake yi, a na ukun ƙafata ba ta samu ƙasa ba. Na tafi ƙasa a tsaye, ruwa ya rufe kaina, duhu, laka tana zubo mini daga gefen rijiya. Yanzu ga abin da ba za ku yarda ba. Ban saki ƙafata ba. Wallahi ban saki ba. Ina nutsewa, ina shan ruwa, hannu ɗaya yana fafutuka, ɗayan yana riƙe da yatsa gam. Abin da ke kaina kawai shi ne in na saki Bala zai ce na mutu. Wautar yaro ke nan, yana tsoron mutuwar wasa, ta gaske tana jansa.

Sauran labarin daga baya na ji shi. Yara suka watse da gudu, kowa ya nufi tudu, har Bala. Nomau ya zo ya zura gora cikin ramin, ya ji ta taɓa ni, ya jijjiga don in kama, ban kama ba. Da wane hannun? Sai ya caka ta da ƙarfi har ta kafe a laka, ya ja numfashi ya bi jikinta ya gangara. Ya lalubo tukkun nan da Inna ta bar mini, ya naɗe shi a hannu, ya hau gora da hannu ɗaya da ƙafafu yana jana. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya ja ni har wani tudun rusasshen bango, ya kifa ni ya yi ta danna bayana har na amayar da ruwa. Da na buɗe ido, fuskarsa na fara gani, yana haki, yana ƙoƙarin ɓamɓare yatsuna da suka sandare.

"Saki ƙafa," ya ce. "Wasa ya ƙare."

Gorar kuwa ta kafe, ya ja ya ja ta ƙi fita, gefen rijiya ya rufta a kanta. Ya bar ta ya goya ni, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Haka muka shiga gari ana shirin magariba, ni a bayansa, laka har cikin kunne. Yaya Hajo ce ta fara ganinmu ta ƙwalla ƙara. Inna ta fito da gudu ba ɗankwali, ta fizge ni daga bayansa, ta shafa ni sama da ƙasa, ta ga da raina. Sannan ta kama kafaɗuna ta girgiza.

"Wa ya kai ka ruwa? Hwaɗa mini, wa ya kai ka?"

Baba yana tsaye a bakin zaure da butar alwala. Na tuna dokarsa, na tuna bulala, na ga maƙwabta sun taru. Ban ce Nomau ne ba. Da na faɗa ma da ya fi, don da ƙarya ce mai baki, ana iya kama ta. Juyawa kawai na yi na kalle shi, kallo ɗaya, sannan na sunkuyar da kai na fashe da kuka. Shi ke nan. Ɗan gungu ne, jiƙe yake, kowa ya san su da ruwa, me ya rage a tambaya? Sauran yaran da suka gudu kowa ya laɓe a bayan uwarsa ya yi gum, don laifi ya samu mai ɗauka.

A garinmu manya ba sa shiga faɗan yara, amma ranar Inna ta shiga da ƙafa biyu. Ta tsaya a ƙofar Baba Bawa ta faɗi maganganun da ba zan rubuta ba, don uwata ce kuma tsoro ne ya faɗe su. Baba Bawa ya saurare ta har ta gama. Ya juya ya tambayi ɗansa da harshensu, daga baya na gane tambayarsa ya yi ina gora take. Sannan ya ja shi ciki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsu da namu. Ina kwance Inna ta lulluɓe ni da zane tana ba ni kunu mai zafi, ina jin saukar kowace bulala. Na yi ta jira in ji ya ambaci sunana. Bai ambata ba.

Washegari Inna ta sa aka kafa zana a ratar da ke tsakanin gidajenmu. Matan unguwa suka hana 'ya'yansu kula shi. In ya fito, sai ka ji ana kiran yara ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya koma zama a ƙofar gida yana taya ubansa ɗinkin komar kamun kifi, mu muna langa a tsakuwa a gabansa. Ni dai riƙe ƙafar nake, amma daɗin ya tafi, ko masha na kai ba na jin komai. Kullum in ce gobe zan faɗa, gobe ta zo in ga yadda Inna ke lallaɓa ni, tana zuba mini kifi mafi girma, in fasa. Da aka yanke shinkafa, Baba Bawa ya zo ya yi wa Baba sallama. Ya ce zai koma wajen danginsa kusa da Wara, don gidan da maƙwabta ke ɓoye 'ya'yansu in ɗanka ya wuce ba gida ba ne. Baba ya roƙe shi, ya ƙi. Mutumin da ruwa ya ci tsibirinsa wata shida da suka wuce, ga shi zai sake tashi ya bar gidan da aka ba shi, saboda kallo ɗaya da na yi.

Ranar da za su tafi na laɓe a bayan wani dutse a bakin ruwa ina kallon ana loda tukwane da tabarmi. Na ɗauka ba wanda ya gan ni. Da jirgi ya ɗan ja, sai Nomau ya miƙe tsaye a kan kaya, ya lanƙwashe ƙafa ɗaya ya riƙe yatsa, ya yi tsalle sau biyu a cikin jirgi yana tangaɗi, bai faɗi ba. Ya dubo wajen dutsen yana dariya, wato in ga ya iya. Ashe duk zaman nan da yake a ƙofar gida kallonmu yake yana koyo. Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Na zauna a bayan dutsen nan na yi kukan da ban yi ba ranar rijiya.

Kwana uku na ƙara, sannan na sami Baba a zaure yana kan keke. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga cika bakin Bala har kallon da na yi. Ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Na miƙa wuya ina jiran duka, bai taɓa ni ba. Sai ya ce in je in sa rigata. Muka tafi wajen masu sassaƙa jirgi, ya zaɓi gora mafi tsawo da ƙwari, ya ɗora mini a kafaɗa, ya ce ba mai taya ni. Ranar kasuwar Wara muka shiga jirgi, daga bakin ruwa kuma muka taka har inda Baba Bawa ya kafa bukka. Kafaɗata ta saluɓe. Muka same shi yana yayyafa wa irin albasa ruwa da ƙwarya. Ubana, mutumin da ake tashi a ba shi wuri a masallaci, ya cire takalmi, ya durƙusa a cikin laka gaban maƙwabcinsa, ya ce ɗansa ne ya yi laifi, ɗan Bawa ceto ya yi, ya zo neman gafara. Ganin gwiwar Baba a ƙasa ya fi mini bulala ɗari.

Baba Bawa ya kama hannunsa ya tashe shi da sauri. Ya karɓi gorar ya gwada nauyinta.

"Tela, ai na sani tun ranar," ya ce. "Yaron da ya ɗauki gora ba wasa ya tahi yi ba. Na buge shi don ya ga haɗari bai kira manya ba. Wanga ɗan naka kuwa, tsoro ne, yaro ne."

Baba ya ce to su dawo gida. Baba Bawa ya ce ya riga ya zuba iri, kuma ba don ni ya tashi ba, don idon mutane ne, shi kuwa ido ba ya komawa yadda yake. Ba su dawo ba har abada. Nomau yana gefe duk wannan magana, sai zare ido yake yana yi mini alama. Da manya suka zauna cin goro, ya ja ni bayan bukka, ya nuna mini wani fili mai rairayi da ya gano, ya riƙe ƙafa ya ce in zo. Ko kalma ɗaya bai yi mini a kan abin da ya wuce ba. Muka yi langa mu biyu har Baba ya kira ni, kuma ranar ya kayar da ni sau ɗaya.

Da muka koma Baba ya faɗa wa Inna. Ta ce ba ta yarda ba, shi ne ya tilasta wa ɗanta ya ɗauki laifi don ya wanke ɗan abokinsa. Ta kira ni ta ce in dube ta in faɗa. Ga dama ta biyu Allah ya ba ni, na sake sunkuyar da kai. Ni ne ɗan lelenta, ban iya jure ta gan ni a matsayin wanda ya yi haka ba. Ta rasu da wannan labari a ranta. Hajo ta gada, ta riƙa ba ku shi kuna yara, ni kuma in na ji ta fara sai in tashi in fita shago, in ce wa kaina ai Nomau ya sani, Baba ya sani, Allah ya sani, ya isa. Bai isa ba. Sai da na ji shi a bakin 'yata na gane bai isa ba.

Tun daga ranar gorar nan ba mu rabu ba. Da Baba ya dawo da mu Yelwa, duk buhun albasa na farko da Nomau ya cire gidana yake zuwa, duk rigar Sallarsa a kekena take fita. Shi ya riƙe mini kan makarar Baba. Bayan Sallar nan ta bara, ni na kai masa naman da kaina. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma dariyar tana nan. Na gaya masa abin da Rabi ta ce, na ce zan rubuta gaskiya 'ya'yana su karanta. Na kuma yi masa tambayar da na kasa yi shekara da shekaru, me ya hana shi faɗin sunana ranar da ake dukansa. Ya ce ai ni kaɗai ne na ɗauke shi a gidan langa lokacin da kowa ke gudunsa, in aka hana ni fita da wa zai yi wasa? Sannan ya lalubo gwiwata ya dafa.

"Ummaru, har yau kana riƙe da ƙafar nan? Na ce maka ka saki tun muna yara."

To ga shi na saki. Na gode wa Allah da ya ba ni filin nan da yaran da muka yi ƙasa tare, na gode wa ubana da bai doke ni ba ya ɗora mini gora, na yafe wa kaina abin da Nomau ya riga ya yafe. Ke Rabi, ban yi fushi da ke ba, abin da aka ba ki kika riƙe. Amma Sallah mai zuwa, in muna da rai, ke za ki kai naman, ke da 'yan'uwanki da 'ya'yanku. Ku cire takalmi a ƙofarsa, ku durƙusa, ku kira shi Baba. Idonsa ba ya gani sosai, don haka kowa ya matsa ya faɗi sunansa ya ba shi hannu, har jaririn da ke goye. Ina so ya ƙirga da hannunsa ya ji yawan mutanen da ya jawo daga rijiyar nan da tukku ɗaya.